Ja-da-Fari a Soron Hambali

Jawo tabarma ka matso kusa, ɗan'uwa. Ke ma 'yar'uwa, ajiye tankaɗen nan ki ara mini kunnuwanki, garin ba zai gudu ba. Yau labarin Hambali Mai Gem zan ba ku, wani manomin rani a ƙauyen da ke tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga yake bin kanal yana ratsa gonaki rani da damina.

In ka gan shi a gona, ba za ka ce akwai abin da ya raba shi da sauran manoma ba. Dogo ne, wandonsa kullum a naɗe zuwa gwiwa, dugadugansa duk faso saboda taɓo. Da rani tumatir da albasa, da damina shinkafa. Abu ɗaya ne nasa daban, shi ne fito. In yana ban ruwa sai ka ji yana busa wani ɗan kiɗa da baki, ba na kalangu ba, ba na garaya ba, ba kuma na fim ɗin Indiya ba. Tsofaffi sun yi faɗa har sun gaji, sun ce fito ba ɗabi'ar kirki ba ce. Sai ya ce to, ya yi shiru, kafin ya kai ƙarshen kunya ya sake ɗauka bai sani ba.

Kiɗan nan a Kano ya tsinto shi. Yana matashi ya raka kawunsa kai shinkafa, suka tsaya a wani shago a Sabon Gari. A nan ya ga wani ɗan injin wasa, wato gem, ja da fari an jona shi da talabijin, waya biyu sun fito daga jikinsa, kowace da abin riƙewa mai maɓallai, wanda masu yi suke kira hannu. A cikin talabijin ga wani ɗan mitsitsin mutum yana tsallake kogi a kan itatuwa, kiɗa na tashi. Mai shagon ya ga yadda ya saki baki, ya miƙa masa hannu ɗaya. Hambali ya danna, ɗan mutumin ya yi tsalle. Shi ya danna, wancan ya yi tsalle! Kafin ya gama mamaki kawu ya ce a tafi. Suka tafi, amma kiɗan ya biyo shi gida, ya zauna a bakinsa har ya yi aure, har ya haifi Sumayya.

To, a ranin 2004 tumatir ya yi kyau, aka loda kwanduna a Kwanar Gafan, Hambali ya bi mota zuwa Legas. Da aka sauke kaya, sai ya shiga kasuwar tokumbo, ta tsoffin kayan ƙasar waje, yana kashe ƙwarƙwatar ido. Can ƙarƙashin wani teburi, tsakanin tsoffin rediyo da na'urar bidiyo, ya hangi injin gem. Ba ja da fari ba ne, ruwan toka ne, ƙato kamar bulo, mai kayan ya ce daga Amurka aka zo da shi, ɗan asali ne, yaran yanzu ba sa kallonsa. Hambali bai tsaya dogon ciniki ba. Ya rungumo shi a cinya tun daga Legas har Kura, ko gyangyaɗi bai yarda ya yi ba.

Wanda ya fara tarbarsa shi ne Bilya. Bilya makanikin injin ban ruwa ne, kuma taubashin Hambali, ɗan mace da ɗan namiji suke. Kun san yadda abin yake: taubashi ya zage ka a gaban surukinka, sai dai ka yi dariya ka rama. Fushi da shi abin kunya ne.

"Bawana, ka dawo?" in ji Bilya. "Mutane suna zuwa Legas su sayo babur, kai ka sayo bulo?"

"Zauna ka ga ikon Allah, ɗan ƙauye," in ji Hambali.

Aka shimfiɗa tabarma a soro, aka ɗauko talabijin, aka yi sa'a akwai wuta. Sai aka zo jona adaftar injin, wato ɗan baƙin akwatin da yake ɗebo wuta daga bango ya ba shi. Ƙafafun fuloginsa faffaɗa ne sirara, ramin soket ɗinmu kuwa ba irinsu ba ne. Aka tura, ya ƙi. Aka karkata, ya ƙi.

Bilya ya yi tsaki. "Yau ka fara ganin tiyo ya ƙi shiga bakin inji? Me muke masa a gona?"

"A ɗaure da roba."

"To ba ni waya."

Ya samo guntuwar waya, ya fere bakinta da haƙori, ya naɗa a ƙafafun fulogin, ya cusa ɗaya bakin a soket, ya tokare da tsinken ashana kamar yadda kowa yake yi wa fanka da rediyo a garin. Hambali ya yi bisimilla ya danna maɓalli.

Wata 'yar jar fitila ta kama a gaban injin. Hambali ya buɗe baki zai yi kabbara, sai ji kake fat! Wani siririn hayaƙi ya taso, ƙauri ya cika soro kamar an jefa takalmin roba a murhu.

Daga cikin gida matarsa Ummulkhairi ta ɗaga murya: "Baban Sumayya, me kuke babbakawa?"

Bilya kuwa ya faɗi a tabarma yana riƙe ciki. "Bulon Amurka ya nuna! A kawo yaji!"

Washegari Hambali ya ɗaure gawar a bayan keke ya nufi Kura, wajen Malam Dalhatu mai gyaran rediyo, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, wanda ba ya gaggawar magana. Malam Dalhatu ya kwance injin, ya shinshina, ya juya adaftar ya nuna masa wani ɗan rubutu a bayanta.

"Wannan wan-ten yake ci, wuta ɗari da goma. Tamu tu-tuwanti ce, ninkinta. Da ka ga ƙafar fulogi ta ƙi shiga rami, ai magana take yi maka. Kai ka toshe mata baki da tsinken ashana."

Hambali ya juya maganar a ransa. Can ya ce, "Malam, wato babban kanal na fasa a kan renon tumatir?"

"Ka ji shi. Kai da kanka, yaya kake shayar da reno?"

"Daga babban kanal zuwa ƙarami, daga ƙarami zuwa kwata, sannan in zuƙo da bututu a hankali."

"To ita ma wuta haka take. Akwai abin da yake rage mata ƙarfi kafin ta isa, sitef-dawun ake ce masa. Wannan dai sai haƙuri, wutar ta wuce adafta ta shiga cikinsa."

Wani zai ce daga nan Hambali ya watsar. Ina! Sai ma abin ya ƙara shiga ransa. Ya kafa katako a bangon soro ya ɗora gawar injin a kai, ya sa masa suna Mai Toka, ya ce a bar shi nan ya riƙa yi masa wa'azi. Duk direban da zai tafi Legas da tumatir, sai ya tare shi ya zana masa hoto a ƙasa da tsinke: ga shi ɗan ƙarami, ja da fari, hannu biyu manne a gefensa. Direbobi suka sa masa suna Mai Gem tun bai mallaki gem mai rai ba.

Rani na zagayowa ya sake bin mota da kansa. Ya koma kasuwar nan, ya bi rumfa rumfa har ƙafarsa ta yi nauyi. Yana shirin haƙura sai wani mai kaya ya jawo kwali daga bayan firji, ya hure ƙurar da ke kai. Rubutun jikin kwalin kamar sawun kaji, na Japan. Aka buɗe. Ja da fari! Farin ya ɗan koma ruwan ƙwai saboda tsufa, amma shi ne, da hannuwansa biyu, da adaftarsa, da kaset uku, ɗaya da hoton kogi da itatuwa. Mai kayan ya ce shi kaɗai ne ya fito a kwantenar, kuma ya daɗe bai ga irinsa ba.

Abin nema ya samu. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Hambali ya iso gida da Ja-da-Fari, ya naɗe shi a sabon buhu, ya tura ƙarƙashin gado, ya ƙi jona shi. In ya dawo daga gona sai ya fito da shi, ya goge, ya danna maɓallan hannu a bushe yana yi musu kiɗan da baki, ya mayar. Malam Dalhatu ba shi da sitef-dawun na sayarwa, wanda aka yi masa alkawari daga Kano kuma yau ne gobe ne. Bilya kullum sai ya leƙo.

"Bawana, ina amaryar? Har yanzu tana lalle? Kawo ta, akwai sauran ashana a aljihuna."

"Ka taɓa shi, in sayar da kai in sayi buhun taki."

Ummulkhairi ce ta kawo ƙarshen zaman jiran. Ita sana'arta zoɓo da kunun aya, tana da ɗan firji, a ƙarƙashinsa kuma akwai sitabilaiza, akwatin nan mai allura a goshi da yake daidaita wuta in ta yi sama ko ta yi ƙasa. Wata rana tana shara ta tarar da mijinta ya tasa adaftar a gaba yana kallo kamar mai jinya. Ta karɓa ta duba ƙafafun.

"Baban Sumayya, wannan ai irin ramin bayan akwatin firjina ne. Akwai wasu 'yan ramuka biyu sirara, tun da aka kawo shi ban ga abin da ya taɓa shiga ba. Kyankyasai ne kawai suke kwana a ciki."

Hambali ya yi rarrafe ya leƙa bayan firji. Ga ramukan, ga lamba a ƙasansu: ɗaya, ɗaya, sifili. Ya miƙe har kansa ya bugi murfin firji, bai ji zafi ba.

"Ummu! Ummu, Allah ya yi miki albarka! Wan-ten! Ashe a ɗakina yake kwana!"

"A ɗakina dai," ta ce. "Kuma ba kyauta ba. Ranar Juma'a in zoɓona ya yi ƙanƙara zan ara maka. Sharaɗi: na ga hannu biyu ne da abin. In maza sun watse, ɗaya nawa ne."

"Har da kaset ɗin na ba ki."

Wannan karon bai yi gaban kansa ba. Ya je ya ɗauko Malam Dalhatu a kan keke bayan an sauko daga masallaci. Dattijon ya zo da mitarsa ta awon wuta da tsohuwar talabijin ɗin shagonsa mai karɓar hoton kowace ƙasa. Sai dai babu wuta a gari ranar, dole aka jawo ƙaramin janaretan Hambali aka ajiye a ƙofar gida. Malam Dalhatu ya sa aka tayar da shi, ya hana a jona komai sai da muryarsa ta daidaita. Sannan ya jona sitabilaiza, ya tsoma wayoyin mita a siraran ramukan, ya daɗe yana kallo.

"Na Japan ɗari cif yake so," ya ce. "Wan-ten ta ɗan ɗara, amma zai jure in ba ta wuce nan ba. Ku ji ni da kyau: kada wanda ya taɓa janaretan nan. In ya yi tari, a zare gem tukuna, sannan a duba shi."

Kafin la'asar ta yi sanyi soro ya cika. Masu ban ruwa sun baro gona da taɓo a ƙafa, mai shayi ya bar tukunyarsa, har ladan ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa shi wucewa yake. Labulen ƙofar cikin gida kuwa yana ɗan motsi, ko da yake babu iska.

Hambali ya hure kaset, ya danna shi a ramin sama. Ya ɗauki adafta. Ya saita ta a bayan sitabilaiza. Ƙafafun suka shige siraran ramukan sumul, kamar don su aka yi. Ya dubi Mai Toka a kan katako, ya yi bisimilla, ya tura maɓalli.

Shiru. Talabijin ta yi yayyafi, Malam Dalhatu ya murɗa wani abu a gefenta.

Sai kiɗan ya tashi.

Jama'a, kiɗan nan ne! Wanda aka shekara goma sha wani abu ana jin sa a bakin kanal, ana cewa Hambali ya ƙirƙira ko aljanu sun koya masa. Soro ya kaure. Mai shayi ya ce, "La ila! Ashe gaskiya yaron nan yake busawa!" Wani tsoho da ya fi kowa yi masa faɗan fito ya matso yana gyara hula. Hambali kuwa dariya yake, idonsa ya kawo ruwa, ga ɗan mutumin nan tsaye a bakin kogi yana jiransa kamar jiya suka rabu.

Ya danna, ɗan mutumin ya yi tsalle. Itace na farko, na biyu.

"Yi hagu! Hagu!"

"Kai, ruwan zai ci shi!"

"Wannan ko a kanal ɗin Kadawa sai haka!"

Bilya ya fi kowa ihu, ya manta da tsiya, yana tsalle tare da ɗan mutumin. Hambali ya faɗa ruwa, aka yi salati. Ya sake, ya wuce inda ya tsaya a Sabon Gari shekarun baya, ya hangi ɗaya gaɓar kogin. Saura itace biyu.

Sai janareta ya yi tari. Hoton ya tsuke, ya buɗe, ya sake tsukewa.

To ku tuna aikin Bilya. Mutum ne da ya yi rabin rayuwarsa a gindin injin ban ruwa. In inji ya yi tari ruwa ya ja baya a tiyo, hannunsa ba ya shawara da kansa, totur yake ja. Kafin Malam Dalhatu ya buɗe baki, Bilya ya tsallake mutum biyu ya yi waje yana cewa, "Ci gaba, bawana, yanzu zan ƙaro maka ruwa!"

Janareta ya kurma ihu. Allurar sitabilaiza ta zabura ta yi dama, akwatin ya hau ƙas-ƙas-ƙas. Hambali ya ga gaɓar kogi, ya ga allura. Ya yi jifa da hannun gem, ya yi sufa a kan tabarma kamar mai kamun kifi, ya fizge adafta daga rami. A daidai lokacin wani abu ya ce ɗas, talabijin ta mutu.

Aka kashe janareta. Soro ya yi tsit, ba ka jin komai sai shaƙar hanci. Kowa shinshinawa yake.

Kuma wallahi akwai ƙauri.

Hambali ya zauna daɓas. Ya ɗauki Ja-da-Fari ya kai hanci, ya ɗauki adafta ya kai hanci. Bilya ya dawo yana murmushin wanda ya yi abin kirki, ya ga fuskoki, murmushin ya bushe.

"Ni fa taimako na yi," ya ce a hankali.

Malam Dalhatu ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya da hancinsa, ya ɗaga kai, ya juya wajen labule. "Wannan ƙaurin ba na waya ba ne. Kamar na shinkafa."

Sai aka ji salati daga bayan labule, da ƙarar takalmi a guje. Ashe tun da kiɗa ya tashi Ummulkhairi take tsaye a nan tana leƙe, ta bar dafa-duka a kan wuta har ta kama.

Dariyar da aka yi sai da ladan ya zauna a ƙasa. Hambali ne kaɗai bai yi ba, don har yanzu bai san matsayin injinsa ba. Malam Dalhatu ya kwance wani ɗan murfi a bayan sitabilaiza, ya zaro 'yar kwalba kamar ƙwayar magani, ta yi baƙi.

"Fis ne ya tsinke. Aikinsa ke nan, ya mutu don na bayansa su rayu."

Bilya ya matso da sauri, yana neman hanyar wanke kansa. "Wannan ai mai sauƙi ne. A samo takardar sigari mai ƙyalli a naɗe shi, yanzu zai kawo."

"Bilya," in ji Hambali, "in ka ƙara ba da shawara a soron nan, sai na kai ka kasuwar Bunkure na sayar, ko da kyauta ne."

Dattijon ya laluba aljihu ya fito da sabon fis mai lamba irin ta wancan. Aka tace man janareta, don ruwa ne ya shiga ya sa shi tari. Aka tayar, aka jira ya daidaita, aka auna da mita. Hambali ya mayar da adafta, ya rufe ido, ya tura maɓalli.

Kiɗan ya tashi, tas, kamar ba a yi komai ba.

Kabbarar da aka yi har masu wanki a bakin kanal sai da suka ɗago kai. A ranar nan, da ƙanzo aka ci abincin dare a gidan Hambali, babu wanda ya yi ƙorafi. Da maza suka watse Ummulkhairi ta karɓi hannunta. Kuma abin da Hambali ba ya so a faɗa a majalisa shi ne, ita ta riga shi tsallake kogin.

Daga nan katakon soro ya fara cika. Ya sayi sitef-dawun nasa na kansa, ya mayar wa firji da akwatinsa. Cikin 'yan shekaru ya tara wani baƙin inji ɗan Japan, da wani mai toka mai rai, da ƙarami na aljihu mai cin batir. Duk wanda ya shigo, kafin a jona shi, sai an juya adafta an karanta bayanta. Masu wan-ten ya ɗaura musu jan zare a waya, masu cin wutarmu kore. Totur ɗin janareta kuwa ya yi masa keji da waya ya sa ɗan kwaɗo, mabuɗin yana ɗaure a mazagin wandonsa.

Saura magana ɗaya da ba a gama ba. Duk Juma'a Bilya yana zuwa, ya zauna a gaba, ya harɗe hannuwa a ƙirji don kowa ya shaida bai taɓa komai ba. In aka ɗan jima sai ya karkato kai.

"Bawana, sau ɗaya dai. Itace ɗaya zan tsallake in ba ka."

Hambali ya dubi hannun Ja-da-Fari, ya dubi Mai Toka a kan katako, ya dubi taubashinsa da ba a fushi da shi.

To kai da ka zauna ka ji, in kai ne Hambali, za ka miƙa masa?